Ranar da Aka Ce Na Rataye Yaya Bala a Durumi

Da sunan Allah nake farawa, wanda Ya ja kwanana har na ga jikokina suna yi mini dariya, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Abin da ya sa na ware wannan babi shi ne wata magana da ta daɗe tana yawo a unguwarmu ta Kwarbai, har ta shigo mini gida. Kwanan baya na ji ɗaya daga cikinku, 'ya'yana, yana ba baƙonsa labari a zaure, wai ni na rataye wana a durumin ƙofar gida, na tafi masallaci na bar shi yana lilo. Ban tanka ba saboda baƙon. Amma da na koma ɗaki sai na ga idan na mutu a haka, to haka za a riƙa faɗa har tattaɓa kunne. Gaskiya ne an ga Yaya Bala a jikin igiya a durumin nan. Gaskiya ne kuma na tafi masallaci. Abin da ke tsakanin waɗannan biyun ne ba ku sani ba.

Sai na fara gaya muku yadda gidanmu yake, don idan ba ku gane wannan ba, sauran labarin zai zame muku kamar hauka. Yaya Bala shi ne ɗan farin Inna, mahaifiyarmu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta ambaci sunansa ba, ban kuma taɓa ganin ta dube shi ido da ido ta yi masa magana ba. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da. Idan tana son ya ci abinci sai ta kira ni, ta ce, Sani, ka ce wa wanka tuwo na hucewa, alhali yana zaune gefenta har yana jin numfashinta. Da Yaya ya yi aure ya haifi Nasiru, sai shi ma ya ɗauki wannan kunya ya ɗora wa kansa, ya ƙara mata gishiri. Nasiru a bakinsa ba shi da suna sai wancan yaron. Idan ya shigo zaure, Yaya zai tuna yana da uzuri a cikin gida. Saboda haka tun ina yaro har furfura ta cika mini gemu, aikina a gidan nan bayan karantar da allo da rubutun ajami shi ne ɗaukar magana daga wannan kunne in kai wancan, tsakanin mutum uku da ke kwana a bayan katanga ɗaya.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce ta ƙarshe a rayuwar Inna, Allah Ya jiƙanta. Ta tsufa sosai, idonta ya tafi, amma kunnenta da bakinta suna nan garau. Shi kuwa Yaya, kun san sana'arsa ɗinkin hannu ne. A zamaninsa duk wanda ke son babbar riga mai aska takwas da za a tsaya a kalla a birnin Zariya, ƙofarmu yake zuwa. To a shekarar sai idonsa ya fara ƙin ramin allura. Maimakon ya zauna a dakali ya ja carbi kamar sa'o'insa, sai ya koma wa gonarmu ta gado da ke bayan ganuwa. Masara ta yi kyau a damanar nan, birai kuma suka ga ta yi kyau. Yaya ya tuna wai kakanmu na wajen uba ya taɓa farauta, ya je ya samo tsohuwar bindiga adaka, ya ɗinka mata kube mai ado. Ya yi ta zuwa yana laɓewa a cikin masara, birai na ganinsa daga sama suna cin abinsu a ɗaya gefen. Sai wani maharbi na ƙauyen da ke kusa ya ce masa ai a ƙasa ba a yi wa biri kwanto, sai dai ya hau ɗorawar da ke tsakiyar gonar ya jira su.

Mutum ya haura sittin, idonsa ba ya ganin ramin allura, ya ce zai hau ɗorawa da bindiga. Labari ya kai wa Nasiru, wanda a lokacin yake aiki a kudu, aikin hawan dogayen ƙarafunan sabis ɗin waya. Ya san ubansa ba ya hanuwa, don haka bai ce a hana shi ba. Sai ya aiko da kayan hawa irin nasu: wata ɗamara mai madauri da ke kama ƙugu da cinyoyi, da ƙugiyar ƙarfe mai murfi, da igiya mai santsi kamar macijiya. Bakin igiyar an naɗe shi an yi masa ido, an ɗinke da inji tun daga inda aka yi ta, nan ake maƙala ƙugiyar. Ya kira ni a waya ya ce:

“Baba Sani, don Allah a gaya wa Baba, komai zai yi kada ya taɓa ɗinkin bakin igiyar nan. Shi ne ran mutum.”

Na kai saƙo kamar yadda na saba. Da na san abin da saƙon zai haifar da na haɗiye shi. Yaya ya ɗauko igiyar, ya kai ta dab da hancinsa, ya juya ta a rana.

“Wannan ne ɗinkin?” ya ce. “Wannan kwaɓar? Dubi yadda zare ya hau kan zare kamar kaza ta yi tono. Yaron da a gabana ya koyi riƙe cokali shi zai gaya mini abin da ake kira ɗinki?”

Kafin la'asar ya sa tsinke da reza ya warware shi tas. Ya kwashe kwanaki yana sake shi da hannunsa, da zaren alharini kore da fari, yana lalube inda ido ya gaza. Na rantse muku ban taɓa ganin bakin igiya mai kyau irin wannan ba. Har wani ɗan zane ya yi masa irin na wuyan riga. Amma ni da na taɓa shi da yatsa sai na san ba zai riƙe ba, don zaren ado daban, zaren ɗaukar namiji mai tumbi daban.

Ban iya gaya wa Nasiru ba, don ba a kai ƙarar uba wurin ɗansa. Ban iya gaya wa Yaya ba, don ƙani ba ya duban wansa ya ce aikinka ba zai yi ba, balle a kan sana'ar da ya ci ya sha da ita. Ina cikin wannan sai Inna ta aiko a kira ni. Ta sa na kai mata igiyar, ta shafa ɗinkin da yatsunta, ta ja shi da ɗan ƙarfin da ya rage mata.

“Wannan na rataya hula ne,” ta ce. “Sani, ka saurare ni. Na binne ubanku, na binne ƙannena biyu. Ba zan binne wancan ba saboda biri. Idan ya hau icen nan da wannan abu, kai zan tambaya, nan da gaban Allah.”

“Inna, me zai hana ki gaya masa da kanki? Ke zai ji.”

“Ni? In yi masa magana? Kai ba ka da kunya ne?”

Haka na fito da amana a wuyana, ba ni da bakin sauke ta. Na yi kwana biyu ina tunani, ina roƙon Allah Ya nuna mini hanyar da zan hana wana karya ƙashin bayansa ba tare da na karya masa girma ba. Sai dabara ta zo mini. Na same shi a zaure na ce, Yaya, irin wannan aiki bai kamata a kai shi daji birai kaɗai su gani ba. Me zai hana a rataya shi a durumi bayan azahar, a ɗora masa buhun masara, mutanen unguwa su ga yadda ɗinkin hannu yake? Fuskarsa ta washe. Ya ce ashe ina da hankali, shi dai bai taɓa lura ba.

Ranar ya sa babbar rigarsa fara, wadda ya yi wa aska takwas da hannunsa tun yana da ido, ya naɗa rawani. Dattawan unguwa suka jeru a dakali. Cikinsu har da Kawu Tanimu, autan su Inna, mai sayar da raguna, mutumin da bai taɓa jin wata magana a duniya ya ce bai san ta ba. Muka jefa igiya ta haye babban reshen durumi, muka zarge ta muka ja har ta kama reshen can sama. Muka kife turmi a ƙasa, muka ɗora buhun masara a kai, muka ɗaure shi a ƙugiya, ƙugiyar kuma a idon da Yaya ya ɗinka. Yaya ya zaga yana nuna wa mutane zanen da yatsa. Sannan ya ce a janye turmi.

Buhu ya tsaya a iska. Mutane suka ce ma sha Allah. Yaya ya gyara rawani. Sai muka ji wani ɗan sauti, ɓas, kamar an karya tsinken tsintsiya. Sai wani. Sai suka biyo juna a guje. Buhu ya faɗo tim, ya fashe, masara ta watsu har bakin kwata. Ban san unguwarmu na da kaji masu yawa haka ba sai ranar.

Na yi hamdala a zuciyata, na ɗauka magana ta ƙare. Yaya ya tsaya yana kallon kaji, sannan ya ce:

“Ai buhu ba shi da rai. Bai san yadda ake sassauta jiki ba. Mutum ba haka zai saki nauyinsa kamar gawa ba.”

“Wannan gaskiya ne,” in ji Kawu Tanimu, yana miƙewa. “Amma ni da kun tambaye ni tun farko, da ba a yi asarar masara ba. Igiya ba ɗinki take so ba, zarge take so. Tun kafin a haife ku nake ɗaure raguna, ba wanda ya taɓa kuɓuce mini.”

“Kawu,” na ce, “ai rago ba ya hawa sama.”

“Ita igiyar ta san sama da ƙasa ne? Kai dai Sani, karatu ya sa komai sai ka yi masa fashin baƙi.”

Ga wana, ga kawuna, duka sun girme ni, a gaban jama'a. Na ja gefe. Kawu ya kama bakin igiyar da ya rage ba ido, ya yi mata zarge irin na wuyan rago. Yaya ya ce wannan karon da kansa zai gwada, a daina wulaƙanta masara. Na miƙo masa ɗamarar da Nasiru ya aiko, na ce aƙalla ya sa ta, a ɗaura igiyar a jikinta. Ya dubi madaurin cinyoyin, ya dubi dattawan da ke dakali.

“In tattare rigata in sa wannan kamar jariri a gaban mutane? Kawu, zuro mini ita haka nan.”

Ya hau turmi. Kawu ya zura masa zargen ta kai, ya saukar da shi ƙarƙashin hamata. Yaya ya yi bismillah ya tako iska.

Zarge ya yi abin da aka san shi da shi. Ya shaƙe. Ya tattaro babbar riga gaba ɗaya ya cusa ta a hamatar Yaya, hannayensa suka buɗe kamar zakara zai yi cara, rawani ya zamo ya rufe masa ido ɗaya, yatsun ƙafarsa suna shafar ƙasa suna neman ta ba su samu. Ya fara juyawa a hankali, ya fuskanci gabas, ya fuskanci kudu, ya dawo. Na yi wuf na tura turmi ƙarƙashinsa ya tsaya a kai, numfashinsa ya dawo. Amma da muka zo sassauta zargen sai muka tarar ya haɗiye wani ninki na gaban rigar, daidai kan askar, ya cije. Kawu ya ja, ya ƙara cijewa. Ɗaya bakin igiyar kuwa yana can sama ya rungume reshe, cikinmu ba mai gwiwar hawa, tsanin gidanmu kuma an are shi zuwa Tudun Jukun tun kafin azumi.

Na zaro wuƙar fiƙe alƙalami daga aljihu.

“Kada ka taɓa mini riga,” in ji Yaya.

“To in yanke igiyar daga sama.”

“Kada ka taɓa igiyar.”

“Yaya, ɗaya dai za a taɓa.”

“Ba a taɓa ko ɗaya. Igiyar mutane ce.”

Igiyar mutane. Ba zai iya cewa ɗana ne ya aiko mini ita ba, amma duk wanda ke wurin ya gane.

Ana cikin haka sai ga Liman ya ɓullo zai wuce masallaci. Mutum ne mai natsuwa, Allah Ya jiƙansa, wanda ko gobara ya tarar sai ya yi sallama. Ya tsaya gaban turmi ya ɗaga kai.

“Salamu alaikum. Malam Bala, barka da yamma.”

“Wa alaikumus salam, Allah gafarta Malam. Barka kadai.”

“Ina gajiya?”

“Ba gajiya.”

“Ya iyali?”

“Lafiya lau.”

“Ya jikin Inna?”

“Da sauƙi, alhamdu lillahi.”

“Madalla. Ya kuma aka ji da… hidima?”

“Sai godiya.”

Liman ya gyaɗa kai, ya dubi igiyar tun daga hamata har reshe, ya ce Allah Ya ba da sa'a, ya wuce. Bai yi nisa ba muka ga kafaɗunsa suna rawa.

Lokacin la'asar ya yi, ni ne kuma ladan a masallacin unguwa a shekarun nan. Na ce ba inda za ni. Yaya ya ce wallahi idan na sa jama'a suka rasa salla a kan lokaci saboda shi, ba zai yafe mini ba, shi yana nan daram a kan turmi, me zai same shi? Kawu ya ce zai tsaya ya riƙe turmin, su yi tasu daga baya. To ku ji da kyau, 'ya'yana: ba ni na rataye shi ba, ba shi kaɗai aka bari ba, kuma shi ya kore ni. Ina juyawa zan tafi sai na ji murya daga bayan ƙyauren zaure. Ashe an jawo Inna har nan.

“Sani. Me na ce maka?”

Na tafi na kira salla. A cikin sujada na ga abin a fili. Ko an sauko da Yaya yau, gobe zai nemo wani ƙullin, ko na guga, ko na jaki, ya tafi ɗorawa inda ba turmi ba Kawu. Mutum ɗaya ne ya san yadda ake gama bakin igiyar nan, shi ne kuma mutumin da Yaya ba zai taɓa tsayawa ya saurara ba. Sai dai yau, a karo na farko tun da aka haifi Nasiru, Yaya ba shi da halin tuna uzuri a cikin gida.

Ana sallamewa na dawo, jama'ar masallaci na biye da ni. Na ciro waya na kira Nasiru ta bidiyo, na ɗaga ta daidai fuskar ubansa. Na san abin da nake yi, na san kuma zan biya.

Nasiru ya ga rawani a karkace, ya ga riga a hamata, ya ga igiya. Ya sunkuyar da kai. Yaya ya juyar da fuska gefe, igiya ta dawo da shi.

“Baba Sani,” in ji Nasiru, “a gaida Baba.”

“Yaya, yana gaishe ka.”

“Na ji. Ka ce masa muna lafiya.”

“Baba Sani, a tambayi Baba ina ɗinkin bakin igiyar?”

“Ka ce masa ɗinkin bai yi ba, an gyara.”

“A tambaye shi ina gyaran?”

Wata kaza ta wuce ta gaban turmi da ƙwayar masara a baki.

Nasiru ya yi magana a hankali, idonsa a ƙasa, kamar mai karanta wa malaminsa allo. Ya ce zarge na reshe ne, ba a sa shi a jikin mutum ko da wasa, don da turmin ya yi nisa da yanzu wani zance ake yi. Ya ce duk inda allura ta ratsa a igiyar nan ya mutu, a yanke shi a yar, a ƙona sabon bakin da wuta kada ya tsefe. Ya ce tun da ɗinkin inji ya tafi, ba hannun da zai maido shi, ko hannun wane ne, sai dai ƙulli, ƙullin da ba ya shaƙewa ba ya zamewa, a bar masa wutsiya ta fi taƙi, a maƙala shi a zoben ɗamara. Kuma kullum kafin a hau, a saki nauyi a kansa tun ƙafa na kusa da ƙasa. Na riƙa maimaita kowace jimla da ƙarfi, Yaya na cewa na ji, ba kurma ba ne ni.

“To ka ce masa,” in ji Yaya, “ba za a yanke igiyar ba. Sabuwa ce.”

Nasiru ya ɗago kai. Wannan ne karo na farko da na ga ya dubi ubansa kai tsaye.

“Baba Sani, a ce wa Baba igiya ina da wata. Shi ne ba ni da wani.”

Wannan ban maimaita ba. Yaya ya daɗe yana kallon ganyen durumi, sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

“Yanke.”

Na hau kujera na yanke igiyar daga sama. Zargen kuwa bai saki rigar ba sai da aka ɗan tsarge ta, aska takwas ta koma bakwai da rabi, kamar yadda Kawu ya faɗa, aka kuwa harare shi. A wurin Nasiru ya koya mini ƙullin, yana yi da tasa igiyar ina bi da abin da ya rage na tamu. A ninka igiya biyu, a zagayo, a koma ta cikin kafa, a gyara kowane zare ya kwanta gefen ɗan'uwansa. Da na gama sai na ga ai siffar harafin ha babba ce, wadda na yi shekaru ina rubuta wa yara a allo. Muka ɗaura ta a wani reshe da hannu ke kaiwa, muka ɗora wani buhun, muka janye turmi. Ya tsaya. Kawu ya rungume buhun ya ɗage ƙafafunsa don ya ƙaryata mu, bai motsa ba. Na kai wa Inna ta shafa, ta ja, ta bi wutsiyar da yatsa har ƙarshe.

“Ka ce wa wanka ya hau.”

Abin da na biya shi ne wannan. Tun muna yara ni da Yaya akushi ɗaya muke ci. Daga ranar ya sa aka raba mana kwano. Ya ce na tsayar da shi gaban ɗansa kamar ɓarawon akuya. Ya daina yi mini magana, sai dai ya aiko Kawu Tanimu. Ni da na tsufa ina kai saƙon mutane, sai ga shi ana kawo mini, ta bakin mutumin da ba ya isar da magana sai ya ƙara mata tasa. Na yi dariyar abin a gaban mutane, amma tuwo bai yi mini daɗi ba duk damanar nan. Duk da haka kowace safiya zan tarar da igiya da ɗamara an ajiye a ƙofar ɗakina. In duba ƙullin, in gyara shi, in mayar. Ba mu taɓa yin zancen ba.

Ana dab da girbi, wata rana ya dawo da yamma ba hula, kuben bindiga a yage, goshinsa da ƙura. Daga baya muka ji abin da ya faru. Ya hau ɗorawa, ya sha fura da rana, iska na kaɗawa, barci ya sace shi a kan reshe. Bai farka ba sai a iska, bindiga na ƙasa, shi yana reto a ɗamara, birai sun jeru a ɗaya reshen suna kallonsa. Ƙasan wurin kuwa duwatsu ne. Ya lallaɓa ya kamo reshe ya koma, ya sauko da ƙafafunsa.

Ina zaune a tsakar gida kusa da ɗakin Inna, an kawo mini kwanona. Ya zo ya zauna gabana, ya jawo buta ya wanke hannu, ya sa a cikin tuwona. Muka ci loma biyu. Sannan ya ce:

“Ƙullin nan ba shi da kyan gani ko kaɗan.”

“Haka ne, Yaya.”

“Kira mini Nasiru.”

Na tsaya da loma a hannu. Na ɗauka kunnena ne. Sai muryar Inna ta fito daga ɗaki.

“Sani, wane marar kunya ne nake ji yana kiran sunan ɗansa a tsakar gida?”

“Inna, Yaya ne. Ya faɗo daga ɗorawa, amma igiya ta riƙe shi.”

Na yunƙura zan leƙa ɗakin. Sannan ta ce:

“To ka ce wa Bala ya ci da zafinsa.”

Muka ji ta tafa hannu a baki tana salati. Yaya ya sunkuyar da kai cikin kwano, ya ce yajin miyar nan ya yi yawa.

Bayan an kai masara rumbu Allah Ya karɓi Inna, Yaya ne ya sa ta a kabari da hannunsa. Shi kuwa ya ƙara shekaru yana hawa ɗorawarsa, bai taɓa harbin biri ko ɗaya ba, har shi ma ya bi ta. Guntun igiyar da kuke gani a reshen durumi, wanda kuke nuna wa baƙi, shi ne wanda na yanke. Ku bar shi inda yake. Amma idan za ku ba da labarin, ku fara daga Inna. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya, Ya sa mu cika da imani.